Ganyen katnif da kyanwoyinmu: maye ne ko wasa?

Hajiya Mai Atamfa, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san sha'anin dabbobi, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan ta yi tsawo. Ƙanena da ke zaune a Jamus ya aiko mini da kaya ta hannun wani ɗan unguwarmu, a ciki har da 'yar ledar busasshen ganye da ake kira katnif, ya ce in riƙa barbaɗa wa kyanwata domin ta samu abin wasa. Da na zuba mata kaɗan a kan tabarma, sai ta sunsuna, ta shiga goga kumatunta da haɓarta a wurin, daga nan ta kwanta tana birgima, yawu yana dalala daga bakinta, tana shure-shure da ƙafafun baya. Bayan kamar minti 10 ta miƙe ta koma ƙarƙashin benci ta yi barcinta. Surukata ta ga abin da idonta, ta ce wannan maye ne ƙarara, kuma alhakin dabbar yana wuyana. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, muzurun maƙwabciyata ya sunsuna ganyen nan ya wuce bai ko waiwaya ba. Shin ganyen yana cutarwa, kuma me ya sa ya kama ɗaya ya bar ɗaya?

Baba Mai Goro, Asawase:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ina bayan surukarki, kuma ba na jin akwai wani dogon bincike da ake bukata a nan. Duk abin da zai sa mai rai ya faɗi ƙasa yana birgima yawu yana zuba, sunansa maye, ko da a leda mai kyau aka zubo shi daga Turai. Mun ga abin da tramol ya yi wa samarinmu a zango, ba sai mun buɗe wata ƙofa a kan dabbobin da ba su da bakin cewa ba sa so ba. Kyanwoyin da ke ɗakin ajiyar gorona aikinsu kama ɓera, abincinsu kan kifi da ragowar tuwo, kuma ban taɓa ganin wadda ta rame saboda rashin wani ganye ba.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, KNUST:
Baba, ina gaishe ka da girmamawa daga jami'armu ta KNUST da ke Kumasi, kuma tsoronka yana da dalili, sai dai ina roƙon ka ba ni dama in faɗi abin da aka sani game da wannan tsiro kafin a yanke masa hukunci.

Katnif tsiro ne daga dangin na'ana'a da ɗaiɗoya, masana suna kiransa Nepeta cataria, asalinsa daga Turai da wasu sassan Asiya, daga baya ya bazu a Amurka. A jikin ganyensa da karansa akwai ƙananan ƙwayoyin mai da ke fashewa idan an murza, su saki wani sinadari mai tashi a iska da ake kira nefetalakton. Wani masanin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Wisconsin, Samuel McElvain, shi ne ya fara ware shi a 1941. Abin da ya kamata Hajiya ta riƙe shi ne, ta hanci yake aiki. Ba sai kyanwa ta haɗiye shi ba, kuma ba shiga jininta yake yi ya zagaya kamar ƙwayar da mutum ya sha ba. Ƙamshin ne yake taɓa jijiyoyin shaƙa da ke can cikin hanci, su kuma su aika saƙo zuwa sassan ƙwaƙwalwa da ke kula da jin daɗi da ɗabi'a, sai ka ga goge-gogen kumatu da birgima da lasa da tauna, wani lokaci har da kuka ko guje-guje.

Yawanci abin yana ɗaukar minti 5 zuwa 15 ne, sannan ya yanke da kansa. Bayan haka ko an sake zuba mata ba za ta kula ba, sai an samu tazarar rabin awa zuwa awa 2. Kamar mutum ne da ya shiga shagon turare: da farko ƙamshi ya cika masa hanci, in ya daɗe a ciki sai ya daina ji, sai ya fita ya sha iska ya dawo.

Batun muzurun maƙwabciya kuwa gado ne. Kusan kyanwa 1 cikin 3 ba ta jin komai game da shi, kuma tun 1962 wani mai nazarin gado, Neil Todd, ya nuna cewa abin yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Namiji da mace duk yana kama su, wanda aka dandaƙe da wanda ba a dandaƙe ba. 'Ya'yan kyanwa ƙanana kuwa ba sa amsawa sai sun kai wata 3 zuwa 6, wasu ma guje masa suke yi.

Baba Mai Goro, Asawase:
'Yata, Allah ya ƙara basira, na ji bayaninki. Amma ke da bakinki kin ce saƙon yana zuwa wurin jin daɗi a ƙwaƙwalwa. To, mai shan tramol ina nasa saƙon yake zuwa, in ba can ba? Ta hanci ko ta baki, ai masauki ɗaya ne.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, KNUST:
Baba, wannan tambaya ita ce ainihin wadda masu bincike suka yi wa kansu, kuma ba zan ɓoye maka abin da suka gano ba, domin rabinsa yana goyon bayanka. A 2021 wasu masana a Jami'ar Iwate ta ƙasar Japan, ƙarƙashin jagorancin Masao Miyazaki, sun auna jinin kyanwoyi kafin su shaƙi irin wannan sinadari da kuma bayan sun shaƙa, suka tarar da cewa endofin ya ƙaru. Endofin abu ne da jiki yake yi da kansa, mu ma muna da shi, shi ne yake rage zafin ciwo ya kawo natsuwa bayan mutum ya yi gudu ko aiki mai ƙarfi. Da suka yi wa kyanwoyin allurar nalokson, maganin da ake ba wanda ƙwayar maye ta fi ƙarfinsa domin ya toshe hanyarta, sai birgimar ta ɓace ɗungurungum. Saboda haka gaskiya ne, hanyar ɗaya ce da wadda su tramol suke bi.

Inda suka rabu shi ne a wanda ke riƙe da linzami. Ƙwayar tramol daga waje take zuwa, ta cika jini, ta kama waɗannan wurare iya adadin da mutum ya haɗiya, shi ya sa ake ƙara yawa har numfashi ya tsaya, kuma idan aka daina jiki ya shiga karkarwa. A nan kuwa jikin kyanwar ne yake sakin nasa abin gwargwado, ya kuma rufe ƙofar da kansa bayan 'yan mintoci, ko da ta kwana a kan buhun ganyen. Ba a san ta da ƙishirwar neman sa ba, ba a san ta da rashin lafiya idan an ɗauke shi ba. Waɗannan masana sun sake bibiyar kyanwoyin da aka daɗe ana ba su wani tsiron Japan mai irin wannan aiki, wanda ake kira matatabi, ba su ga alamar kamu ko lahani a hanta da ƙoda ba. Abin da aka fi gani ma akasin kamu ne: wadda ake ba kullum sai ta gaji da shi ta daina kulawa.

Malamin Islamiyya, Sabon Zango:
Assalamu alaikum. Tun da Hajiya ta ambaci alhaki, bari in sa baki da ɗan abin da na fahimta, ba a matsayin fatawa ba. Haramcin abin sa maye yana kan mutum ne saboda hankalin da aka ɗora masa amana, wanda da shi yake sallah yake sanin haƙƙin iyalinsa. Dabba ba a ɗora mata wannan nauyi ba, don haka abin da za a tambayi mai ita a kai shi ne cutarwa da wulaƙanci. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, sananne ne a wurin kowa, kuma ya ishe mu mizani. Idan masana sun tabbatar ganyen ba ya cutar da ita, ita da kanta take zuwa wurinsa ta kuma bar shi idan ta ƙoshi, ban ga inda alhaki ya shigo ba.

Inda nake ganin matsala shi ne a niyyar masu bayarwa. Idan yara suka kama kyanwa suka tura mata ganye a hanci, suka hana ta tafiya domin a ɗauki bidiyo a yi dariya a WhatsApp, wannan wasa da mai rai ne, ko da ganyen da kansa ba shi da laifi. A ajiye mata a ƙasa, a ja da baya, in ta so ta zo, in ba ta so ba a ƙyale ta.

Ɗan Zango a Hambog:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara wani abu domin Baba ya gane dalilin da ya sa abin ya yawaita a nan Turai. Kyanwa da yawa a nan ba ta taɓa taka ƙasa ba, a bene take zaune, mai ita ya fita aiki tun safe ya kulle ta ita kaɗai. Irin wannan sai ta yi ƙiba, ta yi ta yagar kujera da labule saboda zaman banza. Shi ya sa ake cusa ganyen cikin 'yan kayan wasa na ƙyalle, ko a shafa shi a jikin sandar da aka naɗe da igiya, domin ta koyi wasa farcenta a can ta bar kujera. Kyanwar Baba da ke farautar ɓera tsakanin kwandunan goro ba ta rasa komai ba, ita kam ta riga ta samu abin da ake ƙoƙarin ƙirƙira wa waɗannan.

Baba Mai Goro, Asawase:
To ai ka ga ka dawo kan maganata, ɗana. Cutar can ce, maganin can ne.

Hajiya Mai Atamfa, Aboabo:
Baba, ba duka ba. Gidanmu na haya ne mai ɗakuna da yawa, kuma tun da aka sace kyanwoyi a layinmu ba na barin tawa ta fita, musamman idan na tafi kasuwa. Ita ma kusan zaman ɗaki take yi, kuma ta riga ta yi wa dardumata illa. Likita, idan zan ci gaba da ba ta, nawa ne adadin, kuma sau nawa?

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, KNUST:
Hajiya, ban zama likita ba tukuna, amma na karɓi addu'ar. Abin da yatsu uku za su ɗiba ya isa, in an yi yawa ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma sau 1 ko 2 a mako ya wadatar. Ki murza shi da yatsu kafin ki zuba domin ƙamshin ya tashi. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ki zuba a tsohuwar safa mai kauri ki ƙulle bakinta, amma kada ki ɗaure da zare mai tsawo ko roba, domin kyanwa tana haɗiye zare, shi kuma yana iya naɗe hanji har sai an yi tiyata.

Idan ta ci ganyen da yawa, abin da yake faruwa shi ne amai ko gudawa, wanda kan wuce da kansa idan an ɗauke ganyen an ajiye mata ruwa. Cin sa kuma ya fi kawo kasala da barci, shaƙarsa ce take kawo zumuɗi. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko ta wuni ba ta ci ba, ko tana tangaɗi bayan an yi awanni, to wannan ba aikin katnif ba ne, a kai ta asibitin dabbobi a tafi da ledar a nuna.

Akwai waɗanda ya fi kyau a ƙyale su. Mai ciki a dakata har ta haihu, mai farfaɗiya kada a ba ta, wadda aka yi wa aiki ko take jinya a bari ta warke. Akwai kuma kyanwar da ganyen yake fito mata da faɗa, musamman muzurai idan sun haɗu a kan abu ɗaya, don haka a gidan da ake da fiye da ɗaya a raba musu wuri. Yara kada su sa hannu a cikinta lokacin da take shure-shuren nan, domin a lokacin cizo da yakushi wasa ne a wurinta. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kuma idan ba a yi wa kyanwar allurar rigakafin ciwon haukan kare ba, ya tafi asibiti a ranar.

Wurin bayarwa ma abin dubawa ne a irin unguwanninmu. A ba ta a cikin ɗaki, a ƙasa, nesa da kurfotin gawayi da tukunyar da ke kan wuta. Kada a ba ta a kan katanga ko baranda ta sama, ko a bakin ƙofa inda babura da 'yan pragya, wato kekunan haya masu ƙafa uku, suke wucewa, domin a waɗannan mintoci hankalinta ba ya kan hanya.

Mai Turare, Kejetia:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa saboda ta taɓa sana'ata. Masu kawo mana man ƙamshi a ƙananan kwalabe suna da na na'ana'a da na turare iri-iri, kuma na taɓa ganin kwalbar da aka rubuta man katnif a jikinta. Tun da ƙamshin ne yake aiki, ashe ɗigo ɗaya na man ba zai fi ledar ganye araha da daɗewa ba? Sannan tun da kin ce danginsu ɗaya da ɗaiɗoya, wadda Asantawa suke kira nunum, kuma tana ko'ina a bayan gida, me zai hana a ba ta ita?

Mai Kemis, Tafo:
Yaya Mai Turare, ina roƙon ki da kada ki sayar wa kowa wannan mai da sunan kyanwa, kuma a ganina wannan ne wuri mafi haɗari a duk zancen da ake yi tun safe. Ganyen da kansa kyanwar Lami ne, ba cizo ba yakushi. Abin da mutane za su maye gurbinsa da shi ne yake kisa.

Man da aka tatso daga ganye ya ninka ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hantar kyanwa ba irin tamu ba ce. Ta rasa wani sinadarin narkarwa da hantar mutum da ta kare suke amfani da shi wajen fitar da abubuwa da dama daga jiki, saboda haka abin da mu za mu fitsarar a wuni ɗaya ita taruwa yake yi a jikinta. Ga shi kuma duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Man na'ana'a mai ƙarfi, da man yukaliftus da ake shafawa don mura, da man kanumfari, da wanda ake kira man bishiyar shayi, duk an san suna sa kyanwa karkarwa da dalalar yawu da lalacewar hanta. Akwai feshin katnif da aka yi musamman don kyanwa, wanda aka tsarma ƙwarai, shi ma a kan abin wasa ake fesawa, ba a jikinta ko a fuskarta ba. Kwalbar mai ƙamshi ta shagon turare ba shi ba ce.

Wannan rauni na hanta shi ne ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya take iya kashe kyanwa. Na faɗi haka ne domin na san halinmu: idan kyanwa ta yi amai bayan ta ci ganye, akwai wanda zai ce a ɓantara mata rabin ƙwaya. Kada a yi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Busasshen katnif a ido bai da bambanci sosai da wiwi da aka murtsuke. Wiwi guba ce ga kyanwa, tana sa ta tangaɗi da fitsari ba da saninta ba, jikinta ya yi sanyi, kuma tana ɗaukar wuni ko fiye kafin ta sake ta. Duk garin ganye da aka ƙulla a leda ba suna ba tambarin kamfani, wanda wani ya ce katnif ne, a bar masa kayansa. Wanda kuma yake da na gaskiya ya bar shi cikin ledarsa ta asali mai rubutu, saboda kada wata rana ya tsinci kansa yana yi wa ɗan sanda dogon bayani a kan hanya.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, KNUST:
Kawu Mai Kemis ya gama magana a kan man. Game da ɗaiɗoya, zumunci ba ya sa aiki ya zama ɗaya. Ba ta da nefetalakton, man da ke cikinta na daban ne, mai kama da na kanumfari, kuma yana daga cikin irin waɗanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa da kyau. Kyanwa ta wuce ta gefenta a bayan gida ba komai, amma kada a daka a ba ta. Ga wanda kyanwarsa ba ta jin katnif, abin da aka gwada aka gani shi ne matatabi da na ambata. A wani nazari da aka wallafa a 2017 kan kyanwoyi 100, kusan 80 sun amsa masa, yayin da katnif ya kama kusan 2 cikin 3, kuma yawancin waɗanda katnif bai kama ba matatabi ya kama su.

Uban Yara, Asawase:
Tambayata a kan mutane ce. Ina da samari a gida, kuma maganar Mai Kemis ta tayar mini da hankali. Idan yaro ya ji cewa ganyen nan yana bugar da kyanwa, ba zai naɗa ya sha ba?

Mai Kemis, Tafo:
Alhaji, in ya naɗa ya sha, abin da zai samu shi ne tari da ciwon kai. Ƙamshin ba ya yi wa ɗan Adam abin da yake yi wa kyanwa, ba ya yi wa kare, ba ya yi wa ɓera. Dangin kyanwa kaɗai yake kamawa, har da manyansu irin zaki da damisa. Mutanen Turai sun daɗe suna dafa ganyen su sha kamar shayi domin kumburin ciki da samun barci, kuma ana hana mace mai ciki shan sa. Amma dai yaron da ya kai ga naɗa ganyen kyanwa, ai ganyen ba shi ne abin da za a zauna da shi a kai ba.

Malamin Gona, Kwadaso:
Akwai ɓangaren binciken Japan ɗin nan da 'yata ba ta faɗa ba, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki, domin ya amsa tambayar da Baba bai yi ba: me kyanwa take samu a birgimar? Masanan sun lura cewa idan aka sa sinadarin a bango ko a sama inda ba za ta iya goga jikinta ba, ba ta birgima yadda ta saba, wato burinta shi ne ta shafa shi a gashinta. Da suka saki sauro a kan kyanwoyin da suka shafa da waɗanda ba su shafa ba, sauron da ya sauka a kan waɗanda suka shafa ya ragu ƙwarai. A 2022 kuma suka nuna cewa taunar ganyen da yayyaga shi suna ninka yawan sinadarin da yake fita. Tsiron ya yi wannan mai ne don korar ƙwarin da ke cin sa, kyanwa kuma, wadda take laɓewa cikin ciyawa ba motsi tana jiran abin farauta, ta ci moriyarsa.

Mai Turare, Kejetia:
Malam, to ai wannan babban labari ne. Idan yana korar sauro, me muke jira a Kumasi? A shuka shi a kowane gida, a huta da hayaƙin maganin sauro.

Malamin Gona, Kwadaso:
Hajiya Mai Turare, a yi a hankali, domin wannan zancen ya taɓa ruɗar mutane da yawa. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka sun ba da rahoton cewa nefetalakton ya fi DEET, sinadarin da ke cikin yawancin man shafawa na korar sauro, ƙarfi har kusan sau 10, jaridu kuma suka yi ta yayatawa. Amma a cikin bututun gilashi aka yi gwajin. Da aka zo shafawa a fatar mutum sai aka ga yana saurin tashi ya ƙare, bai kai DEET daɗewa ba. Sauron da aka yi gwajin Japan da na Iowa da shi kuma dangin Aedes ne mai cizon rana, ba Anofilis mai kawo mana zazzaɓin cizon sauro da dare ba. Tsiro a tsaye cikin tukunya ma ba ya sakin ƙamshin kirki sai an murza ganyensa. Don haka kada kowa ya naɗe gidan sauronsa, musamman inda akwai yara da masu ciki, kuma kada a ɗauka ganyen ya maye gurbin maganin ƙuma na kyanwa.

Baba Mai Goro, Asawase:
Wannan na sauro ya shiga kunnena fiye da duk sauran. Idan dabba tana shafa abu ne domin kare jikinta, to Allah ne ya kimsa mata, ba ni da ta cewa. Amma ina nan a kan cewa wanda yake da sidi a hannu ya fara kai kyanwarsa a yi mata allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki kafin ya sayi ganye daga Jamus, kuma nawa ba za su gan shi ba.

Ɗan Zango a Hambog:
Baba, a kan allura ba mai ja da kai. Malamin Gona, idan na sayi irin shukar a nan na aiko, zai yi a ƙasar Kumasi? Da an samu a gida, da an rabu da tsoron garin ganyen da ba a san asalinsa ba.

Malamin Gona, Kwadaso:
Kafin ka aiko, ka sani shigo da iri ko tsiro Ghana yana bukatar izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, wanda ake kira PPRSD, tare da takardar lafiyar iri daga ƙasar da ya fito, don haka kada ka cusa shi a aljihun jakar wani ka jawo masa tsaiko a filin jirgi.

Game da shukar, zafi ba shi ne babban abokin gabarsa ba, ruwa ne. Tsiro ne da ya saba da ƙasa mai tsanewa da wuri, mu kuwa muna da damina biyu da laima mai yawa, saiwarsa tana saurin ruɓewa idan ruwa ya kwanta. A shuka shi a tukunya ko bokiti da aka huda ƙasansa, a gauraya ƙasar da yashi, a ajiye inda zai samu hantsi amma ya tsira daga ranar tsaka, a kuma janye shi ƙarƙashin rumfa a watannin Mayu da Yuni lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su da zurfi. Za a gane shi da kara mai kusurwa huɗu, da ganye mai siffar zuciya mai tsaga-tsaga a baki da laushin gashi a ƙasa, da fararen furanni masu ɗigon shunayya, kuma yana iya kaiwa kusan mita 1. Dole a kifa masa kwando ko ragar waya yana ƙarami, in ba haka ba kyanwoyin layin gaba ɗaya za su kwanta a kansa su murƙushe shi tun bai yi ganye huɗu ba. Kada kuma a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan, tun da baki zai shiga.

Mai Turare, Kejetia:
In ya girma, yaya ake busar da shi, kuma yaya ake ajiya? Kayan ƙamshi da yawa suna yi mini fumfuna a shago idan damina ta yi nisa.

Malamin Gona, Kwadaso:
A yanke rassan daidai lokacin da ya fara fure, domin a nan man ya fi yawa, a ɗaure su ƙanana-ƙanana a rataye a inuwa inda iska take ratsawa. Kada a shanya a rana kamar barkono, rana tana cinye ƙamshin. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, shi ya fi dacewa a nan, saboda iskar a bushe take. Idan ganyen ya kai yana karyewa a hannu, a zage shi daga karan, a zubar da karan masu tsini domin suna iya soke baki, a zuba a kwalba mai murfi a rufe sosai a ajiye a duhu, wanda yake da firji ya sa a wurin ƙanƙara. Ƙarfinsa yana raguwa bayan 'yan watanni, don haka wanda ya ga kyanwarsa ta daina kulawa ya fara sunsuna kwalbar da kansa. Duk wanda ya yi warin laima ko ya fito da fari-fari a zubar da shi a shara mai murfi, kada a watsa a tsakar gida inda za ta bi ta lasa.